Bututun kabon: baƙin garin da ya zama ma'auni a ɗakunan bincike

Idan aka miƙo maka kwalbar a ɗakin gwaje-gwaje, za ka yi zaton kunkunniya aka kankaro aka ɗura. Gari ne baƙi wuluk, marar ƙyalli, ga rashin nauyi: kwalba ta kusa cika, amma ma'auni bai nuna abin a zo a gani ba. Mai awo yakan buɗe murfin a hankali cikin akwatin da ke zuƙe iska, da safar hannu da takunkumi, domin da zarar ɗan cokalin ƙarfe ya matso, garin kan yi tsalle ya manne a bakin kwalba, a safar hannu, a gilashin ma'auni. Numfashi ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tayar da shi. Wannan abin da ido ke rainawa shi ne bututun kabon, wanda masana ke kira nanotub, kuma sama da shekara 30 ke nan dubban masu bincike na kwana suna tashi a kansa.

Abin da ya fi damuna game da yadda ake ba da labarinsa shi ne ana maganarsa tamkar abu ɗaya. Sai ka ji an ce ya fi ƙarfe ƙarfi, ya fi jan ƙarfe ɗaukar lantarki, zai kori silikon, sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, daga kwamfuta. Kowace magana a cikin waɗannan tana da tushe. Amma bututun kabon sunan dangi ne, kuma 'yan dangin sun sha bamban da juna nesa ba kusa ba. A cikin kwalbar nan guda akwai iri-iri a cakuɗe, da gajere da dogo, da siriri da kakkaura, da mai halin ƙarfe da marar shi, ga datti iri daban-daban. Duk nasarar da aka samu da shi a ɗakin bincike, da duk kuskuren da aka tafka, daga wannan cakuɗa suka samo asali.

Kabon dai shi ne sinadarin da ke cikin gawayi da lu'ulu'u da bakin fensir. Bambancinsu yadda ƙwayoyin zarrarsa suka riƙe juna. A bakin fensir, wato girafait, ƙwayoyin sun jeru shimfiɗa bisa shimfiɗa, kowace shimfiɗa kaurinta ƙwaya ɗaya tak, an tsara ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowace ƙwaya na riƙe da maƙwabta uku. Shimfiɗa guda ita ake kira girafin, wadda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓanɓaro da salatif a Jami'ar Manchester a 2004, har ta kai su ga kyautar Nobel a 2010. To, ka ƙaddara ka ɗauki shimfiɗar nan ka naɗe ta kamar tabarma, har baki ya haɗu da baki babu alamar ɗinki. Abin da ya fito shi ne bututu mai bango ɗaya. Idan kuwa bututai ne aka zura wani cikin wani, biyu ko goma ko fiye, da tazarar nanomita 0.34 tsakanin bango da bango, shi ne mai bango da yawa. A zahiri ba naɗewa ake yi ba, tsirowa yake yi a haka, amma misalin naɗin shi ke buɗe fahimtar duk abin da zai biyo baya.

Nanomita ɗaya ita ce idan ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. Faɗin bututu mai bango ɗaya yakan kasance nanomita 1 zuwa 2, alhali silin gashin mutum yana tsakanin nanomita 50,000 da 100,000. Tsawon bututun kuwa yakan ninka faɗinsa sau dubbai, kuma a 2013 masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin sun tsirar da wanda ya kai santimita 55.

Sunan da aka fi jinginawa da gano shi shi ne Sumio Iijima, wanda a 1991, a ɗakin binciken kamfanin NEC da ke Tsukuba a Japan, ya duba baƙin da ya taru a kan sandar girafait bayan an ratsa ta da tartsatsin lantarki, ya ga siraran bututai masu bango da yawa, ya kuma bayyana tsarinsu dalla-dalla. Ba shi ne mutum na farko da idonsa ya sauka a kansu ba. Tun 1952 Radushkevich da Lukyanovich a Tarayyar Sobiyat sun wallafa hotunan zaren kabon mai rami a ciki, sai dai da harshen Rashanci ne, a lokacin yaƙin cacar baka, kuma ba a kula ba. Morinobu Endo da abokan aikinsa ma sun ga irinsa a 1976. Abin da ya sa na Iijima ya karɓu shi ne ya zo a kan gaɓa: shekara shida kafin nan, a 1985, Kroto da Curl da Smalley sun gano ƙwallon kabon mai ƙwayoyi 60 a Jami'ar Rice, hankalin masana duk ya koma kan kabon. A 1993 aka samu mai bango ɗaya, a wurare biyu kusan lokaci guda: wajen Iijima da Ichihashi, da kuma wajen Donald Bethune a kamfanin IBM.

Inda gizo ke saƙa

Koma kan misalin tabarma. Kana iya naɗe ta miƙe, kana iya karkatar da hannunka kaɗan, ko da yawa. A wajen tabarma wannan ba ya canza komai. A wajen girafin shi ne komai. Masana na bayyana kowane naɗi da lambobi biyu, waɗanda ke nuna gida nawa za ka taka ta wannan fuska da gida nawa ta waccan kafin ka zagayo inda ka faro. Shi ya sa za ka ji ɗan bincike na cewa yana aiki da "shida-biyar" ko "goma-goma", kamar mai kiran sunan abokinsa.

Ƙa'idar tana da sauƙin riƙewa. Ka debe lamba ta biyu daga ta farko. Idan abin da ya rage sifili ne ko kuma yana rabuwa da 3, bututun na da halin ƙarfe, wato lantarki na ratsa shi kullum ba tare da shamaki ba. Idan bai rabu da 3 ba, bututun semikondakta ne kamar silikon, wanda ake iya buɗe masa hanya a kuma rufe. Saboda haka (10,10) ƙarfe ne, (6,5) kuwa semikondakta ne, duk da cewa babu komai a jikinsu face kabon zalla, kuma ɗan bambancin faɗinsu bai kai nanomita guda ba. An yi hasashen haka da lissafi tun 1992, kafin ma a samu mai bango ɗaya a hannu, kuma cikin waɗanda suka yi lissafin har da Mildred Dresselhaus ta cibiyar MIT. A 1998 aka tabbatar da shi da awo kai tsaye. A ganina wannan na cikin abubuwa mafi ƙayatarwa a kimiyyar zamaninmu: siffa kaɗai, ba tare da ƙarin ko ƙwayar wani sinadari ba, ta yanke hukuncin ko abu zai zama waya ko makunni.

Sai dai alherin ya zo da nauyinsa. Idan aka bar bututai suka tsiro yadda suka ga dama, kusan kashi ɗaya cikin uku kan fito da halin ƙarfe, kashi biyu semikondakta. Wanda ke son waya, kashi biyun nan sun zame masa cikas. Wanda ke son makunni, kashi ɗayan nan ya isa ya rusa masa aiki.

Batun ƙarfi ma haka yake. A shekarar 2000, tawagar Rodney Ruoff a Amurka ta kama bututai masu bango da yawa ɗai-ɗai, ta liƙa kowanne tsakanin tsinin allurai biyu a cikin madubin da ke gani da lantarki, ta ja har ya tsinke. Mafi ƙarfinsu ya jure gigafaskal 63. Ma'anar wannan adadi ita ce da za a samu igiya mai irin ƙarfin nan wadda yankin bakinta murabba'in milimita ɗaya ne, za ta ɗaga sama da tan 6, inda ƙarfen sitil mai kyau da kaurin nan bai wuce ya ɗauki kilo 100 zuwa 200 ba. Sun kuma lura cewa bangon waje ne ke tsinkewa, na ciki ya zare sumul kamar an zaro takobi daga kube. Wajen ɗaukar zafi, an auna bututu guda ya haura wat 3,000 a ma'aunin da jan ƙarfe ke da kusan 400. Amma duk waɗannan alƙaluman na bututu guda ne, lafiyayye, marar tabo. Idan aka murɗa miliyoyinsu aka yi zare, sukan zame a jikin juna saboda santsinsu, sai ƙarfin ya faɗi ƙasa sosai. Mai jin an ambaci ƙarfin bututun kabon ya kamata ya fara tambaya: na guda ɗaya ne ko na dami?

Daga tanderu zuwa kwalba

Hanyoyin yinsa uku ne sanannu: tartsatsin lantarki irin na Iijima, da harbin girafait da hasken leza wanda tawagar Smalley ta ɓullo da shi a 1995, da kuma tsirar da shi daga iskar gas mai ɗauke da kabon. Ta ukun ce ta yi rinjaye a yau. Ana ɗaukar ɗan fallen silikon, a shafa masa ƙarfe ko kobal ko nikel siriri ƙwarai, a zura shi cikin bututun gilashi mai jure wuta a tsakiyar tanderu. A kori iskar da ke ciki, a ɗaga zafi zuwa tsakanin digiri 600 da 1,000, sannan a saki gas irin su misen ko etilin. Zafin kan sa shafen ƙarfen ya dunƙule ya zama 'yan ɗigo-ɗigo masu girman nanomita kaɗan. Kowane ɗigo ya zama iri: gas ya fashe a kansa, kabon ya narke a cikinsa, in ya ƙoshi sai ya fara amayo kabon a siffar bututu. Girman ɗigon ne ke tsara faɗin abin da zai tsiro. A 2004 Kenji Hata a Japan ya nuna cewa ɗan turirin ruwa kaɗan na wanke wa ɗigon ƙarfen fuska ya hana shi mutuwa da wuri, har ya samu bututai tsaye cunkus da tsawon milimita 2.5 cikin minti 10. Idan aka zaro fallen daga tanderu, za ka ga baƙin karan-miski ya lulluɓe shi, masana na kiransa daji.

Irin wannan dajin shi ke haɗiye haske. Duk hasken da ya faɗa tsakanin bututan yakan yi ta karo har ya ƙare bai fito ba. Shafen Vantablack, wanda wani kamfanin Ingila ya yi da irin wannan dajin ya fitar a 2014, yana shanye kashi 99.965 cikin ɗari na haske, kuma irin wannan baƙin na da amfani wajen saita na'urorin auna zafi da hana tarwatsewar haske a cikin na'urorin hangen nesa.

Abin da ke fitowa daga tanderu bai isa a fara bincike da shi ba. Akwai ragowar ƙarfen da aka yi iri da shi, wani lokaci lulluɓe da ɓawon kabon da ke hana asid kaiwa gare shi. Akwai kabon da bai zama bututu ba. Su kansu bututan manne suke da juna dami-dami, a cukurkuɗe kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi, kuma ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Zuba garin a ruwa ka girgiza, sai ya taso ya yi gudaji ko ya kwanta a ƙasa.

A nan ne ɗalibin bincike ke ƙarar da mafi yawan kwanakinsa. Yakan zuba sinadari mai halin sabulu a ruwan, ya tsoma bakin wata na'ura mai girgiza da sautin da ya fi ƙarfin kunne, ya zagaye kwalbar da ƙanƙara don kada ta yi zafi. Girgizar na ɓamɓare bututu daga dami, sabulun ya yi maza ya lulluɓe shi kafin ya koma. Cikin minti kaɗan ruwan ya koma kamar tawada. Idan aka gaza, damin bai warware ba. Idan aka zarce, bututan sun kakkarye sun zama guntaye. Daga nan a saka a na'urar da ke wulwulawa da gudun dubban zagaye a minti, masu nauyi su nutse, a tsiyaye na sama. A 2003 Ming Zheng da abokan aikinsa sun gano cewa zaren DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, na nannaɗe bututun kamar kurangar da ta hau sanda, kuma daga baya suka nuna cewa wasu jerin DNA na fifita wani naɗi a kan wani. A 2006 tawagar Mark Hersam a Jami'ar Northwestern ta wulwula bututai a cikin ruwan da kaurinsa ke ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa, kowane iri ya tsaya a matakin da ya dace da nauyinsa. Abin da aka zuba baƙi, sai ga shi ya rabu layi-layi masu launi. Tataccen (6,5) launin shuɗi-ja yake da shi, wato shanshanbale. Duk wanda ya ga wannan ya san baƙin nan na kwalba haɗuwar launuka ne da yawa.

Don sanin abin da ke hannu, ana haska samfurin da leza a karanta hasken da ya dawo, dabarar da ke ɗauke da sunan masanin Indiya C. V. Raman. Layi ɗaya na nuna lafiyayyar saƙar kabon, wani na nuna tabo da karaya, na uku kuwa na fitowa ne daga yadda bututun ke buɗewa yana tsukewa, abin da masana ke kira numfashinsa, kuma daga shi ake lissafa faɗi.

Abin da ake yi da shi

Amfanin bututun na farko-farko shi ne zama yatsa. Akwai madubin da ba ya gani da haske, laluben abu yake da tsinin allura kamar makaho da sandarsa, ya zana taswirar tudu da kwari. Kaifin hoton ya dogara da sirancin tsinin, kuma tsinin silikon na dakushewa. A 1996 Hongjie Dai, yana tare da Smalley a Rice, ya liƙa bututun kabon a bakin allurar. Ga siranta, ga tsawon da ke shiga rami mai zurfi, kuma in ya daki abu mai tauri sai ya lanƙwashe ya sake miƙewa maimakon ya karye.

Ya kuma zama sikeli. Idan aka ɗaure bututu a bakinsa biyu ya rataya a tsakiya kamar tsirkiya, yana kaɗawa da wani sauti nasa. Duk abin da ya sauka a kansa na ƙara masa nauyi, sautin ya yi ƙasa. A 2012 tawagar Adrian Bachtold a Barcelona, cikin sanyi mai tsanani da wurin da aka zuƙe iska tas, ta kai wannan sikelin ga iya bambance yoktogiram 1.7. Ka raba giram ɗaya gida tiriliyan, ka ɗauki ɗaya ka sake raba shi gida tiriliyan, wannan ne yoktogiram, kuma 1.7 ɗin kusan nauyin furoton guda ne, wato ɗaya daga cikin 'yan ƙwayoyin da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna inda darajar bututun take ba. Ƙanƙantarsa ce ta sa abin da ba ya motsa komai a duniya ke iya motsa shi.

Dalili ɗaya ne ya sa ya zama hanci. A bututu mai bango ɗaya babu ƙwayar da ke ɓoye, kowacce na fuskantar waje, don haka duk abin da ya taɓa shi sai ya shafi lantarkin da ke bi ta cikinsa. A 2000 Dai, a lokacin yana Jami'ar Stanford, ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin iskar naitirojin dayokzayid na ƙara gudun lantarkin ƙwarai cikin daƙiƙu, iskar amoniya kuwa na rage shi. Matsalar ita ce hancin na jin komai, har da iskar oksijin da laimar ɗaki. Saboda haka aikin ya koma neman suturar da za a sa masa, ta bar abu ɗaya ya iso ta tare sauran.

Fagen da na fi sa wa ido shi ne na haske. A 2002 masu bincike a Rice, ciki har da Bruce Weisman, suka gano cewa bututun semikondakta da aka ware shi kaɗai na fitar da haske a can gaba da ja, inda idon mutum ba ya kaiwa, kuma kowane naɗi da nasa launin. Kafin nan ba a gani ba ne saboda a cikin dami, mai halin ƙarfe na shanye hasken maƙwabtansa. Wannan haske na ratsa fata da tsoka fiye da hasken da muke gani, kuma ba ya dusashewa kamar rinin da aka saba amfani da shi. Da shi aka ɗauki hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar ɓera ba tare da an buɗe ƙoƙon kansa ba. Idan aka nannaɗe bututun da wani zaɓaɓɓen DNA, haskensa na ƙaruwa in sinadarin dofamin ya taɓa shi, abin da ya ba masu nazarin ƙwaƙwalwa damar kallon lokacin da ƙwayoyin jijiya ke sakin wannan saƙo. A 2016 tawagar Michael Strano a MIT ta cusa irin waɗannan bututai a ganyen wani tsiro. Saiwa ta zuƙo ruwa mai ɗauke da sinadarin da ake samu a abubuwan fashewa, ya hau zuwa ganye, hasken bututan ya canza, kyamara ta gani.

Ramin cikinsa ma ɗakin gwaji ne. A 1998 aka ga ƙwallayen kabon sun jeru a cikin bututu ɗaya bayan ɗaya. A 2016 masana a Jami'ar Vienna suka tsirar da sarƙar kabon mai ƙwaya ɗaya a faɗi, tsawonta sama da ƙwayoyi 6,000, abin da ba zai rayu a fili ba sai da bango ya kare shi. A 2006 a ɗakin binciken Lawrence Livermore aka auna ruwa yana ratsa bututai masu faɗin ƙasa da nanomita 2 da gudun da ya ninka abin da lissafin da aka saba ya nuna sau dubu ko fiye, saboda santsin bangon, kuma wannan ya buɗe bincike kan tace gishiri daga ruwa.

Sai babban buri, kwamfuta. Taransista, wato ɗan makunnin lantarki da ake gina kwamfuta da shi, ta farko ta bututu guda mai aiki a zafin ɗaki ta fito daga tawagar Cees Dekker a Delft ta ƙasar Holan a 1998. Daga guda ɗaya zuwa kwamfuta sai da aka shafe shekara 15. A 2013 Stanford ta haɗa mai taransista 178, kuma dabarar da suka bi da masu halin ƙarfe ita ce su rufe duk semikondakta, su saki lantarki mai ƙarfi, waɗanda suka ƙi rufuwa su ƙone. A 2019 MIT ta fitar da mai taransista sama da 14,000. A ƙa'ida irin wannan aiki na buƙatar tsarkin da ya kai kashi 99.999999 cikin ɗari, abin da ke hannu kuwa 99.99 ne, sai suka tsara da'irorin yadda ɗan gurɓin ba zai ɓata lissafi ba. Nasara ce ta gaske, amma silikon na ɗauke da biliyoyin taransista a falle guda, don haka da sauran rina a kaba.

Inda datti ya yaudari masana

Ina ganin wajibi ne a faɗi wannan ɓangaren, domin shi ya fi koyar da ɗalibi. A ƙarshen shekarun 1990 rahotanni sun fito cewa bututun kabon na adana iskar haidurojin mai yawan gaske, har aka fara hangen motoci masu tankinsa. Wasu ɗakunan suka gwada, haƙarsu ba ta cimma ruwa ba. Da aka bi diddigi, sai aka gano cewa a wasu gwaje-gwajen laima ce ta ƙara nauyin da aka ɗauka haidurojin ne. A 2001 masana a Stuttgart ta Jamus suka nuna wani abin da ya fi wannan: bakin na'urar girgizar nan da ake warware dami da ita na zaizayewa, yana zubar da ɓurɓushin ƙarfen titaniyom a cikin samfurin, kuma titaniyom ɗin ne ke shan haidurojin. Awo na tsanaki ya nuna abin da bututun kansa ke riƙewa a zafin ɗaki kaɗan ne.

A 2006 tawagar Richard Compton a Oxford ta nuna cewa wasu haɗe-haɗen sinadarai da ake yaba wa bututun da hanzarta su, ragowar ƙarfen iri ne ke yin aikin. A shekarar dai aka gano cewa wani sanannen rinin da ake auna mutuwar ƙwayoyin halitta da shi na mannewa a jikin bututan, launi ya ragu, sakamako ya nuna guba alhali ƙwayoyin na raye. Ba ha'inci ba ne ya jawo waɗannan, rashin sanin abin da ke cikin kwalba ne. Shi ya sa idan na ɗauki rahoton bincike a wannan fage, nakan fara duba inda aka bayyana samfurin: wane iri ne, wane tsawo, ƙarfe nawa ya rage, da me aka warware shi. In babu wannan bayani, sauran shafukan ba su da inda za su tsaya.

Batun lafiya ma bai fita daga wannan layi ba. A 2008 tawagar Ken Donaldson a Edinburgh ta saka bututai a cikin ɓeraye. Dogaye masu tauri kamar allura sun haddasa kumburi irin na asbestos, wato ma'adinin nan mai zare-zare da ke cutar da huhu, gajeru da cukurkuɗaɗɗu kuwa ba su yi ba. Dalilin shi ne ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti na iya gamawa da ƙaramin dunƙule, amma doguwar allura kan maƙale musu, su yi ta fitar da sinadaran kumburi. A 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sanya iri ɗaya tak, mai suna MWCNT-7, a rukunin abubuwan da ka iya jawo ciwon daji. A 2013 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada abin da ke yawo a iskar wurin aiki ya wuce maikirogiram 1 a kowane kubik mita a awa 8. Wannan ne dalilin takunkumi da akwatin zuƙe iska, da dalilin da ya sa ba a share garin da tsintsiya sai dai a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, kuma ya sa da yawa suka gwammace su karɓe shi a cikin ruwa.

A kasuwa, inda ya fi samun shiga zuwa yanzu shi ne batirin litiyom da robobi, inda ake barbaɗa kaɗan don lantarki ya samu hanya, aikin da bai damu da wane naɗi aka samu ba. Ayyukan da suka damu da naɗi kuwa suna jiran a iya tsirar da iri ɗaya tun daga tanderu, a huta da tacewa. A 2014 an yi taku biyu zuwa can. Tawagar Yan Li a Jami'ar Peking ta yi iri da haɗin tungistin da kobal, wanda ba ya narkewa a zafin tanderu, saboda haka fuskarsa na nan daram kamar zubi, ta samu (12,6) da ya haura kashi 92 cikin ɗari. A cibiyar Empa ta Suwizalan kuwa sun fara ne da gina hular bututun ƙwaya bayan ƙwaya, suka ɗora ta a kan filatinam mai zafi suka ci gaba da ba ta kabon, duk abin da ya tsiro ya fito (6,6). Abin da suka samu bai wuce abin da ya kwanta a fuskar ɗan fallen ƙarfe ba, sai da madubi ake ganinsa, kuma faɗaɗa wannan dabara ta cika kwalba guda shi ne aikin da ɗakunan bincike da dama ke kai har yanzu.